Taswirar Sallau Mai Kaset

Ranar da na fara jin ƙyamar muryata, ina tsaye ne a kasuwar Yelwa tare da surukina, ina taya shi cinikin busasshen kifi. Mutum ne mai kamun kai, irin waɗanda ko tari za su yi sai sun duba dama da hagu. Ina cikin nuna masa cewa ni ma na san mutunci, sai ga wani mai baro ya turo kayansa ta bayanmu, da lasifika ɗaure da tsumma a jikin baron, tana zubawa: "Maganin ɓe-ɓe-ɓe-ɓera, ya ci ya mu-mu-mutu, ya bushe ba wari." Muryata ce. Ni kuwa ba ni da in'ina, duk Yawuri an sani, ciwona ma rashin birki ne. Amma ga ni a lasifika ina sarƙewa kamar injin jirgin da ruwa ya shiga. Mai kifin ta dubi baron, ta dube ni, ta ce, "Alhaji, wanga ba surukin naka ba ne?" Surukina ya ce shi dai a ƙulla masa kifinsa. Tun daga ranar 'yan acaba suka raɗa mini Ɓeɓɓera.

Sunana Lawali. Da safe malamin firamare ne ni, da rana kuma ina sayar da bakina. Duk tallar da ka ji tana tashi daga baro ko bayan mota tsakanin Shanga da Warra, a cikin goma bakwai ni ne. Amma ba labarina na zauna in rubuta ba. Labarin wanda yake ɗaukar muryar ne, Sallau Mai Kaset, ɗan kawuna, wato taubashina, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana saurarona bai taɓa cewa na burge shi ba.

Sallau ɗan masunta ne da bai gaji ruwa ba. Yana ƙarami ƙafarsa ta hagu ta shanye, saboda haka lokacin da 'yan uwansa ke koyon jefa birgi, wato ragar kamun kifi, shi yana zaune a gaɓa yana saurare. Kunnen da ya samu ke nan. Jirgi yana can tsakiyar ruwa, ba a ko hango shi, Sallau zai ce maka na wane ne, kuma injinsa yana bukatar fulogi. Ya yi karatun allo har ya sauke, ajaminsa kamar a ɗab'i, amma boko bai wuce sa hannu ba. Ya fara sana'a da rediyo mai baki biyu a gefen tasha, yana kwafar wa'azi da waƙoƙi a kaset, yana rubuta sunan kowanne da ajami a bayansa. Kaset ya mutu, ya koma faifan sidi. Sidi ya mutu, ya koma memori. Daga nan ya sayi laftof ta hannu da makirufo ɗaya, ya kama shago, ya manne bangon da kwalayen ƙwai da tsohuwar katifa don kada hayaniyar waje ta shigo.

Shagon nan sai an yi haƙuri da shi. Bango ɗaya ya raba shi da mai banda, katifar kuwa ta shekara goma tana shan hayaƙin kifi, har ta fi kifin ƙarni. Kyankyasai sun yi unguwa a cikin kwalayen. Abin kunnen da ake ba ni in sa, fatarsa ta saɓule, soson ya sha gumin mawaƙan biki da masu maganin gargajiya, in ka cire shi sai ka ji kunnenka yana danƙo. Na sha gaya masa ya wanke, ya ce sabulu yana ɓata sauti. Amma aikin da ke fita daga wannan juji tsaf yake, ba ƙara ba shuu, har masu gidan rediyo na aiko masa.

Sai dai kwamfutar ta tsufa. Babbar manhajar da ke cikinta, wato mai gidan da sauran manhajoji ke haya a wurinsa, tsohon Windos ne da aka daɗe da daina sabuntawa, cikinta kuma ya cika maƙil. In aiki ya yi mata yawa sai ta shaƙe, shi ne in'inar da ta ja mini suna. Ran nan daga kasuwa shagon na wuce kai tsaye.

Na ce, "Sallau, kwamfutar nan taka, akwatin gawa, ta zubar mini da mutunci gaban suruki."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da ma kana da shi?"

"Wallahi ko ka canza mata kai, ko in koma Kwantagora in riƙa ɗauka."

"Allah shi kiyaye hanya."

Ban je Kwantagora ba. Abin da na yi ya fi haka muni, na kawo masa masani. Malam Bashiru yana koyar da kwamfuta a wata sakandare, mutumin kirki ne, amma in ya fara zancen manhaja sai ka rantse wa'azi yake. Ya buɗe laftof ɗin Sallau, ya ja da baya kamar an buɗe masa masai. Fuskar kwamfutar cike take da ƙananan jakunkuna masu ruwan ɗorawa, sun haura ɗari, ko'ina a warwatse, wasu a cunkushe wasu a ware, kuma duk sunan da kwamfuta ta raɗa musu da kanta suke amsawa, suna ɗaya sai dai lamba.

Ni na san abin da wannan tarkace yake nufi, kuma a nan laifina ya fara. Madannan kwamfutar ba sa rubuta ajami, Sallau kuma ba ya rubuta boko, don haka bai taɓa sa wa aikin kowa suna ba. Wuri yake ba shi. Fuskar kwamfutar ƙasarmu ce. Sama Shanga, ƙasa da ita kaɗan Yelwa, can gindi Ngaski da Warra. Tsakiya ya bar fili fayau, shi ne ruwa. Mutanen tsallake suna hagu. Mai maganin ɓera yana daidai inda yake tsayar da baronsa a kasuwa, kusa da mai manja. Wanda ya mutu sai ya ja jakarsa zuwa lungun dama, nan ne maƙabarta. Aikin da bai kammala ba kuwa yana ajiye shi a bakin ruwa, kamar kayan da ke jiran jirgi. Ka shekara biyar ba ka zo ba, kana sallama zai kai yatsa gidanka.

Bashiru ya zauna ya jera mana zaɓi uku. Sabon Windos, amma wannan tsohuwa ba za ta iya ɗaukarsa ba, sai an sayi wata. Ko kwamfutar nan mai hoton tuffa da manyan masu ɗaukar sauti ke yabo, wadda in ka ji farashinta sai ka tambaya ko da injin jirgi ake haɗa maka. Ko kuma Linuks, kyauta ne, mara nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana gudu da shi. Ya faɗi na ukun yana lumshe ido.

Sallau ya dubi allon, ya ce, "Malam, in anka canza, kowa zai zauna inda yake?"

Bashiru ya ce, "Ba abin da zai ɓace. Zan kwashe komai a akwatin ajiya, in mayar maka."

"Ba ɓata nike tambaya ba. Ka ga wanga da ke nan sama..."

Sai bakina ya shiga. Na ce, "Kai Sallau, mutum ya yi digiri a kan abu, kai da ko sunanka sai an riƙa maka hannu za ka tsaya yi masa bita? Malam, rabu da shi, wannan ko wando sabo aka ba shi sai ya tambaya ina aljihun tsohon ya koma." Bashiru ya yi dariya, ni ma na yi, na ƙara da wasu biyu. Sallau ya sauke yatsarsa daga allon ya yi shiru. Shirun nan muka ɗauka amincewa.

Gaskiya ɗaya ce, Bashiru bai yi ƙarya ba. Ya wuni yana fama kafin sabuwar manhajar ta gane ɗan akwatin da ake jona makirufo, amma da ta gane, sai aiki. Na karanta talla ta minti uku ba sarƙewa ko ɗaya. Kuma ba abin da ya ɓace. Sai dai mutumin mai tsabta ne. Da ya ga jakunkuna ɗari da wani abu masu suna iri ɗaya, sai ya zazzage su duka a jaka guda, kwamfuta ta bi su da lamba daga ɗaya har dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai. Ya juyo mana da allon yana murmushi: shuɗi, wayam, jaka ɗaya tilo a kusurwa.

Ban taɓa ganin fuskar Sallau haka ba. Kawu ya sha ba mu labarin ranar da ya koma da kwalekwale ya ga inda garinsu yake kafin a datse ruwa a Kainji, ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda wurin ya yi kyau. Irin kallon da Sallau ya yi wa allon ke nan.

Ya ce, "Ina Warra?"

Bashiru ya ce, "Wace Warra?"

Kwana biyu bayan haka Almustapha ya yi sallama. Shi ne shugaban masu jiragen fito na Warra, ɗan marigayi Baba Audu Mai Jirgi. Baba Audu yana saurayi ruwa ya zo, saboda haka ya san ƙasar da ke ƙarƙashin tafkin da ƙafarsa: ya yi kiwo a cikinta, ya ci kasuwanninta, ya san inda kowace babbar bishiya take tsaye. Bishiyoyin nan da yawa ba su faɗi ba. Suna nan a tsaye cikin ruwa, in ya cika su nutse, in ya ja su matso sama su tsaya ƙasa da fuska kaɗan, inda ido ba ya gani amma cikin jirgi yana samu. Baba Audu ya shekara hamsin yana ratsa su bai taɓa fasa katako ba. Shekara biyu da suka wuce Sallau, ba wanda ya sa shi, ya ɗauki kwamfutarsa ya hau mota zuwa Warra, ya zaunar da tsohon a zaure ya ce ya faɗi hanyar tun daga gaɓa har tsallake. Ni ya tafi da ni in riƙa yi masa tambayoyi. Bayan wata huɗu tsohon ya rasu.

Almustapha ya gaishe mu, ya ce, "Malam Sallau, ruwa ya fara ja. Direbobinmu na yanzu rabinsu ba su taɓa zama da Baba ba. Shekaranjiya ɗaya ya goga wani abu, Allah ya tsare, da mata da buhunan gero a ciki. Ina son maganar nan ta Baba a memori, ran kasuwa in tura wa kowa a wayarsa."

Saura kwana biyar kasuwa. Da a da ne, Sallau zai kai yatsa gindin allo ya ce ga shi.

Na ce a kira Bashiru, ai kwamfuta tana jera abu bisa kwanan wata. Ya zo ya jera. Ashe batirin agogon tsohuwar ya mutu tun tuni, duk aikin shekara goma sha ɗaya rana ɗaya aka yi shi, ɗaya ga Janairu. Bashiru ya ce to a bi girma, hirar tsoho ai doguwa ce. Sallau ya ce shi bai taɓa barin abu yana juyawa a banza ba tun zamanin kaset, duk sanda tsohon ya tsaya tari ko shan ruwa sai ya kashe, don haka hirar gunduwa tara ce, kowace ba ta fi talla tsawo ba. Bashiru ya tuna yana da darasi.

Hanya ɗaya ta rage, a saurara ɗaya bayan ɗaya. Na ce ai da jin farkon kowanne za a gane. Sallau ya danna na farko, sai ga ni: "Bismillahi, ɗaya biyu, ɗaya biyu, ana jina? Sallau, kunnen naka na aiki kuwa?" Na biyu ma haka. Na uku ma. Ko aikin wa za a ɗauka, ni nake gwada makirufo, kuma ban taɓa gwadawa in tsaya a nan ba. Sai an haƙura da ni rabin minti kafin a san na wane ne.

Na nemi hutun kwana uku a makaranta na ce ba ni da lafiya, kuma kafin azahar ta ranar farko maganar ta zama gaskiya. Sallau ya cire abin kunne ya jona lasifika, wai kada ya ci amanata ya ji shi kaɗai. Na zauna a kan benci cikin ƙarnin katifa ina jin kaina. Na ji ni ina rantsuwa cewa na gwada maganin ƙiba da kaina. Lamba arba'in gaba, na ji ni ina rantsuwa da murya iri ɗaya cewa na gwada maganin rage tumbi. Na yi basir, na yi tsutsar ciki, na yi sanyin mara, na yi wani ciwon da ba zan rubuta ba tunda ɗalibaina sun iya karatu, duk na warke cikin kwana uku. Na ji ni ina kiran wani ɗan takara hasken Yawuri, na ji ni ina kiran abokin hamayyarsa hasken Yawuri, ko kalma ban sauya ba. Tsakanin wannan da wancan ga kakin majina, ga gyatsar wake, ga tsotsar haƙori dab da makirufo, abubuwan da Sallau ke yankewa kafin duniya ta ji. A lamba ɗari shida da wani abu na ji ni ina kwaikwayon tafiyar surukina da baki.

Na ce, "Wannan me ya sa ka ajiye?"

Ya ce, "Ban zubar da kayan mutane."

Rana ta biyu na kasa cin tuwo. Duk lomar da na kai sai in ji ƙarar bakina. Matata ta tambaye ni ko lafiya, na buɗe baki zan ba ta amsa, na ji muryar mai maganin basir za ta fito, na rufe. Ta ce tunda muka yi aure ba ta taɓa samun hutu irin na makon nan ba.

Sallau kuwa ko a jikinsa. Ya samo kwalin sabulu ya buɗe shi, ya zana kogi da gawayi, duk aikin da muka gane sai ya rubuta lambarsa da ajami a garin mai shi. A hankali ƙasar tana dawowa a kan kwali. Gunduwar Baba Audu ta farko ta fito ranar farko da la'asar, biyu a rana ta biyu, sauran sai da muka kusa ƙarshe. Da suka cika tara, ya jera su da kunne kawai: wannan kafin azahar ne don ga kaza tana neman wurin ƙwai, wannan bayan an yi kiran salla ne, wannan jirgin wane ya dawo daga tsallake. Sannan ya kunna daga farko.

Muryar tsohon ta cika shagon, a hankali, ba gaggawa. "In ka baro gaɓa, ka sa dutsen nan bisa kafaɗarka ta dama. Kada ka saki sai giginyu biyun can sun haɗe sun zama ɗaya. To nan kana bisa tsohuwar kasuwa, ba komi ƙasa sai rumfuna, sun ruɓe. Daga nan ka karkata hagu, don gaba kaɗan tsamiyar maƙera na nan tsaye." Haka ya yi ta bi, gona gona, bishiya bishiya. Ni da na yi kwana uku ina jin ƙarya da muryata, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

A gunduwa ta bakwai ya ce, "Saura babbar. Ƙirya ce, ita ba ta san ruɓa ba. Jirgi ukku ta ci da sanina. In kana son ka kauce mata, sai ka duba..."

Sai ga ni. "Baba, ita ƙiryar nan ba a gwada mata maganin gara ba? Ina da mai sayarwa, ya ci ya mutu ya bushe ba wari." Na kuma fashe da dariya, bakina dab da makirufo, irin dariyar nan tawa mai kama da jaki ya ga dusa, har da buga cinya. Ƙarƙashinta ana jin tsohon yana ci gaba da magana, don shi bai saba tsayawa saboda wawa ba. Da dariyar ta lafa, abin da ya rage shi ne, "...to in ka yi haka ka wuce ta lafiya."

Sallau ya mayar baya, muka sake ji. Ya rage ƙara, ya ƙara, ya sa abin kunne ya runtse ido. Aka sake kiran Bashiru, ya gwada duk dabarar da sabuwar manhajar ke da ita, ya ce makirufo ɗaya ne, muryoyin sun narke cikin juna, kuma tawa ta fi kusa. Almustapha da aka buga masa waya ya ce ya san ƙiryar tana wajen, amma alamar da Baba ke bi da ita bai taɓa riƙewa ba, shi a bayansa kawai yake bi.

Na ce wa Sallau, "Ka san da wannan?"

Ya ce, "Tun ranar. Shi ya sa na aje ta bakin ruwa, in koma mu sake. Ban samu komawa ba."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Yaushe ka yi shiru?"

Ranar kasuwa da sassafe na riga shi zuwa shago. Ya zo yana jan ƙafarsa, ya buɗe, ya kunna kwamfutar, wadda yanzu take tashi kafin ka gama gyara zama. Ya haɗe gunduwoyin tara wuri ɗaya, ya share gwajin makirufona na farkon kowace, ya share tarin tsohon, ya daidaita sauti. Ina kallo ya tsallake dariyata da ke cikin ta bakwai bai taɓa ta ba, ya zura memori.

Na ce, "Taubashi, don girman Allah ka yanke wurin nan. Ba abin da ake ji a ciki sai ni. Mutum arba'in za su sa wannan a waya, har jikokinsu. Na roƙe ka, yanka ɗaya ne, yanzu ma na'urar ba ta gardama."

Ya zare memorin, ya naɗe shi a takarda, ya rubuta sunan Almustapha da ajami a bayanta. Sannan ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "In na yanke, direba zai ɗauka hanya ta miƙe. Na bar ka ciki. Inda duk sunka ji dariyarka su rage wuta, wanda kuma ya hau ƙiryar, ya san wanda zai zaga."